Hajiyarmu ta fita takaba amma alhini bai sake ta ba: magana tana iya zama magani?

Tambaya

Assalamu alaikum Likita. Shawara nake nema a kan mahaifiyarmu, shekarunta 64. Wata 15 ke nan da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, kuma rasuwar fuju'a ce. Da daddare ya ce ƙirjinsa na masa zafi, Hajiya ta ce olsarsa ce ta motsa, ta dama masa kunu, ta ba shi maganin da ya saba sha. Da asuba ta je tashinsa salla ta tarar rai ya yi halinsa. Shekara 43 suna tare.

Ta yi takaba ta fita, muka ɗauka a hankali za ta warware, sai abin ya ƙara gaba. Takan kai ƙarfe uku na dare ido biyu. Gabanta faɗuwa yake yi ba dalili, waya in ta yi ƙara sai ta zabura. Ƙanena in ya hau hanyar Kaduna sai ta kira shi ya fi sau goma. Ta kulle ɗakin Alhaji, ta hana a taɓa kayansa. Ta daina zuwa Islamiyya, ba biki ba suna, duk ta rame. Ta taɓa gaya mini a asirce cewa tana jin gyaran muryarsa a zaure. Wani mai kemis ya ba ta ƙwayar barci, wata biyar tana sha, yanzu sai ta sha biyu take runtsawa. An yi ruƙiyya, an sha rubutu. 'Yan'uwa kuma cewa suke yi rashin tawakkali ne.

Mun kai ta asibiti an yi gwaje-gwaje, likita ya ce ban da ɗan hawan jini bai ga komai ba, ya ce mu kai ta wurin masu jinya ta hanyar tattaunawa. Ta ce ita ba mahaukaciya ba ce, kuma ba za ta je ta zazzage wa sa'an ɗanta cikinta ba. Ni ma dai ina da shakka. Magana kawai za ta warkar da wannan? Kuma mai shekarunta zai amfana da ita?

Daga wata 'yar'uwa a Zariya

Amsa

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Alhaji, ya kyautata makwancinsa, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Bari in fara da maganar tawakkali, domin na lura ita ce ta fi yi wa irin su Hajiya illa, kuma daga bakin masoya take fitowa. Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma shi ne dai wanda ya ce zai yi haƙuri mai kyau. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba za mu faɗi komai ba sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu har yau sunanta shekarar baƙin ciki. To matar da ta yi shekara 43 da mutum, ta kwanta yana numfashi ta tashi ta tarar babu shi, in ta kasa barci, ba imaninta ne ya yi rauni ba. Duk wanda ya ce mata "ki yi tawakkali mana" da nufin ta yi shiru, ya ɗora mata kaya na biyu a kan na farko: ga rashin miji, ga tsoron ta saɓa wa Allah. Daga nan sai ta daina faɗa wa kowa abin da ke ranta. Kin ga ai ke ma a asirce ta gaya miki maganar zaure.

Ba zan iya yanke wa Hajiya ciwo daga wasiƙa ba, sai an zauna da ita. Amma abin da kika bayyana ya yi kama ƙwarai da abin da muke kira alhini mai tsawaita. Yawancin mutane in an yi musu rashi sukan sha wuya watannin farko, sannan zafin ya riƙa lafawa da kansa, da taimakon dangi da addu'a da hidimar yau da gobe. Ba mantawa suke yi ba, kewar tana nan, sai dai ta sami wurin zamanta a zuciya ta bar mutum ya ci gaba da rayuwa. Waɗannan ba sa bukatar likita, kuma tura su wurinmu ɓata musu lokaci ne. Amma akwai kamar mutum ɗaya cikin goma da nasu alhinin ke tsayawa cak, shekara ta zagayo suna nan kamar jiya aka kai gawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan a cikin kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, ta ce sai an wuce aƙalla wata shida, kuma sai abin ya zarce abin da al'ada da addinin mutumin suka sani. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa nata ma'aunin a wata 12. Ko da wane aka auna, alhinin Hajiya ya zarce wa'adin. A wurinmu ma'aunin a fili yake: wata huɗu da kwana goma na takaba sun wuce da daɗewa, an yi arba'in, shekara ta zagayo, ita kuwa ƙofar ɗakin tana kulle.

Me ke sa alhini ya tsaya? Abu biyu na gani a wasiƙarki, kuma su ne na fi yawan gani a wurin aiki.

Na farko shi ne kunun nan da maganin olsa. Ba ki ce Hajiya tana zargin kanta ba, wataƙila ba ta taɓa furtawa ba, amma zan yi mamaki in ba wannan ne ke hana ta barci ba. Ƙarfe ukun daren nan da take ido biyu, ina kyautata zaton daren take maimaitawa: da na tashi yara, da na ce a fito da mota, da ban ce olsa ba ce. Mutum in ya ɗora wa kansa alhakin rai, sai ya ga kamar bai cancanci ya ji daɗin komai ba. Zuwa biki ya zama cin amana, dariya ta zama cin amana, har cin abinci a ƙoshi. Na biyu shi ne gudu. Ta kulle ɗakin ne domin shigarsa na tayar mata da abin da ba za ta iya ɗauka ba. Kullewar tana ba ta sauƙi na ranar, amma tana hana zuciya ta karɓi abin da kai ya riga ya sani. Muddin rigunansa na rataye inda ya bar su, wani sashe nata yana jiran ya dawo daga masallaci. Haka Islamiyya: can ne za a ce mata "ya haƙuri?", can ne za ta ga matan da mazansu ke raye.

Fargabar kuma daga nan ta samo asali. Mutuwa ta shigo mata gida da dare ba sallama, tana kwance kusa ba ta ji ba. Darasin da jikinta ya ɗauka shi ne: in na runtsa, wani zai tafi. Shi ya sa take gadin ƙanenki ta waya. Duk kiran da ya ɗauka hankalinta zai kwanta na minti goma, sannan tsoron ya dawo, ta sake kira. Kiran ne ke ciyar da tsoron, domin bai taɓa barinta ta ga cewa ko ba ta kira ba zai isa lafiya.

Maganar gyaran murya a zaure kuwa, ki kwantar da hankalinki. Wani likita a yankin Wels na Birtaniya, Dewi Rees, ya tambayi mata da maza kusan 300 da abokan zamansu suka rasu, ya wallafa sakamakon a 1971: kusan rabinsu sun ce sun taɓa jin kamar mamacin yana kusa, ko sun ji muryarsa, ko sun hange shi. Kunnen da ya yi shekara 43 yana jin gyaran muryar nan a lokaci guda kullum ba zai daina jiranta dare ɗaya ba. Wannan shi kaɗai ba hauka ba ne, ba kuma aljanu ba ne. Abin da zai sa mu damu shi ne in muryar tana ba ta umarni, ko tana zaginta, ko ta daina bambance cewa ya rasu.

Yanzu ga ainihin tambayarki. Kin ce "magana kawai", kuma na fahimce ki, domin magana ai an yi wa Hajiya ita har ta gaji. Sai dai duk maganar da aka yi mata tun ranar zaman makoki, ita ake yi wa, ba ita ke yi ba. Kowa ya zo ya ce a yi haƙuri, ta ce haƙuri na Allah, a shafa fatiha a tashi. Wannan gaisuwa tana da amfaninta, ban raina ta ba. Amma ba na jin a cikin wata 15 ɗin nan akwai wanda ya zauna ya ce mata, Hajiya, ba ni labarin daren nan tun daga farko, sannan ya yi shiru har ta kai ƙarshe bai katse ta da nasiha ba. Jinyar da likitanku ya ambata, wadda a asibiti ake kira saikoterafi, aiki ne mai tsari, da adadin zama, da abin da ake son cimma, da aikin da za a je gida a yi kafin zama na gaba.

Tsarin da aka fi gwadawa a kan irin wannan alhini shi ne na Farfesa Katherine Shear ta Jami'ar Kolombiya a Amurka, zama 16 ne, kusan sau ɗaya a mako. Kin tambaya ko mai shekaru zai amfana. A 2014 ita da abokan aikinta sun wallafa gwajin da suka yi da mutum 151, dukkansu daga shekara 50 zuwa sama. Waɗanda aka yi wa wannan tsari, kusan bakwai cikin goma sun sami sauƙi na a zo a gani. Waɗanda aka yi wa wata irin tattaunawar da aka saba yi wa masu ciwon damuwa, kusan uku cikin goma ne suka samu. Abu biyu ke nan a ciki: tsufa ba ya hana amfana, kuma ba kowace tattaunawa ce ke aiki ba, sai wadda ta tunkari mutuwar kanta. Ni a nawa ganin ma dattawa sun fi matasa riƙe alƙawarin zama, kuma sun zo da jari: macen da ta kai 64 ta binne iyaye, wataƙila ta binne ɗa, ta san yadda ta tsallake waɗancan. Aikinmu sau da yawa tuna mata ne da abin da ta riga ta iya.

Ga yadda abin ke gudana. Zaman farko da na biyu na sanin juna ne: wane ne Alhaji, yaya aka haɗu, me yake so, me ke ba ta haushi da shi. Mai jinyar da ya san mutanenmu ba zai matsa mata ta ambaci sunansa ba, "Alhaji" ko "Malam" ya isa. Akan so a zo da wani na kusa a ɗaya daga cikin zaman farko, wanda ita ta zaɓa, domin ya san abin da ake yi ya riƙa tallafa mata a gida. Za a ce ta riƙa lura da lokacin da alhinin ya fi tsanani a yini da lokacin da ya fi sauƙi. In ba ta rubutun boko, ajami ya wadatar, ko ta faɗa wa jika ya rubuta, ko ta ɗauki muryarta a waya. Wannan ɗan aikin yakan ba mutane mamaki, domin wanda ya ɗauka yini guda yake cikin duhu sai ya gano akwai sa'ar da yake samun iska, misali in jikoki sun dawo daga makaranta.

Sannan a zo ga mai wuyar. Za a ce ta rufe ido ta ba da labarin daga lokacin da ta je tashinsa, kamar yanzu abin ke faruwa, na 'yan mintuna, sannan ta buɗe ido a tattauna abin da ta ji, a ajiye shi, a koma wata magana mai daɗi kafin ta tafi. Mako na gaba a sake. Karon farko kuka ne zai ci ƙarfinta, kuma ku shirya, makon nan za ku iya ganin kamar an fama mata ciwo. An fama ɗin ne, kamar yadda ake wanke gyambo. Zuwa karo na huɗu ko na biyar labarin yakan sauya da kansa. Abubuwan da tsoro ya rufe sai su fito: ashe shi ma Alhaji cewa ya yi olsa ce, ashe ya sha yin irin wannan ciwon ya wuce, ashe ya ce a bari sai da safe. A nan ne ake zama da "da na sani", wadda Hausawa suka ce ƙeya ce. Ba cewa za a yi mata "ba laifinki ba ne" a wuce ba, ko an gaya mata hakan sau ɗari ba zai shiga ba. Tambayarta za a yi: a daren nan, da abin da kika sani a lokacin, ba abin da kika sani yau ba, me ya kamata ki yi? Kuma za a gaya mata gaskiyar likitanci, cewa ciwon zuciya yakan zo da kamannin zafin olsa, har mu a asibiti sai mun sa na'ura mun ɗebi jini muke rarrabewa. Abin da ta yi a daren shi ne ta tashi ta dama wa mijinta kunu ta ba shi magani. Hadisin da ya hana mutum cewa "da na yi kaza da kaza ya faru", ya ce a ce Allah ne ya ƙaddara, a nan yake shiga ya zauna, domin yanzu rahama zai zame mata. In an jefa mata shi tun kafin ta faɗi abin da ke cinta, tsawa za ta ji.

Ɗakin kuma ba za a ce a buɗe shi rana ɗaya a kwashe kaya ba. Ina roƙonku kada ku yi haka a bayan idonta, ko da maganar rabon gado ta taso. Mataki-mataki ake bi, ita ke zaɓa. Wannan makon ta tsaya a bakin ƙofa. Na gaba ta buɗe taga iska ta shiga. Na gaba ta zauna a ciki minti biyar ta yi masa addu'a. Wata rana ta ɗauki riga ɗaya ta ba wanda ta san Alhaji zai so a ba. Manzon Allah yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija nama bayan rasuwarta, to riƙe alaƙa da mamaci ta hanyar alheri abu ne mai asali. Ba a neman Hajiya ta manta da shi. Ana so ne ta koma tuna shi da ransa, da barkwancinsa da faɗansa, maimakon asubar nan guda ɗaya da ta rufe shekara 43.

Akwai wani sashe na tsarin da ake sa mutum ya yi kamar yana magana da mamacin, ya faɗi abin da bai samu ya faɗa ba. Wasu dattawanmu ba sa sakin jiki da wannan, suna ganin kamar kiran matattu ne. Ba dole ba ne. Nakan juya shi in ce, da Alhaji zai ga yadda kika koma, me kike jin zai ce? Amsar takan zo da murmushi da hawaye tare, domin sun san bakin mazansu.

Ɓangaren fargaba ya fi sauƙin bayani. Za a koya mata gane cewa faɗuwar gaba ƙararrawar jiki ce da ke kaɗawa ba gobara, da yadda ake lafar da ita: a ja numfashi a hankali ta hanci, a sake shi a hankali fiye da yadda aka ja, na 'yan mintuna. Masu carbi sukan haɗa shi da tasbihi, kuma yana tafiya daidai. Maganar waya, a yi yarjejeniya da ita, ba a yanke mata ba: ƙanenki zai kira in zai tashi, ya kira in ya isa, tsakani ita ba za ta kira ba. Tafiyar farko za ta sha wuya, wani ya zauna da ita. Ta biyar za ki ga bambanci. Sai dai a yi adalci, tsoron hanya a ƙasar nan ba duka ne ciwo ba, kuma in akwai damuwa ta zahiri a ƙarƙashi, kamar fanshon da bai fito ba, ko gidan da za a raba, ko inda za ta zauna, to wannan zaman iyali yake so, numfashi ba zai biya shi ba. A duba goro da shayi ma, ta daina su daga la'asar, ƙailula kuma kada ta wuce rabin awa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne ƙwayar kemis. Ki ɗauki kwalin ki kai wa likita a wannan makon. In irin su Valium ne ko Lexotan, jiki na sabawa da su, shi ya sa ɗaya ta daina isarta. A jikin tsoho suna kawo jiri da mantuwa da ruɗewa, ga faɗuwa a banɗaki da dare, kuma karayar ƙugu a wannan shekarun ba ƙaramin abu ba ne. Alhinin kuma ba sa taɓa shi. Amma kada ku ƙwace ta rana ɗaya. Bayan wata biyar, dainawa kwatsam na iya kawo rawar jiki da tsananin firgici har da farfaɗiya. Likita ne zai riƙa rage mata kaɗan-kaɗan cikin makonni. Ko Piriton da mutane ke sha don barci ba na son sa ga dattawa.

Wannan ba ya nufin babu wurin magani. In an duba aka ga ciwon damuwa ya hau kan alhinin, wato ba kewar Alhaji kaɗai ba, komai ma ya fita daga ranta, tana ganin kanta ba ta da amfani, to akwai magungunan da ake bayarwa, ba sa sa maye, sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga aikinsu, kuma ga tsofaffi da kaɗan ake farawa. Wani gwajin da su Shear suka wallafa a 2016 ya nuna irin wannan magani yana rage alamun ciwon damuwa in an haɗa shi da zaman, amma alhinin kansa zaman ne ke warware shi. Ki kuma tambayi likitanku ko gwajin da aka yi ya haɗa da na maƙoƙo da sukari da yawan jini, domin dukkansu suna iya kawo bugun zuciya da rama. In kun lura tana ɓata a hanyar da ta sani ko tana manta sunayen jikoki, ku faɗa, a duba ko ƙwayar ce ko wani abu dabam.

Akwai alamun da ba a jiran ranar ganin likita a kansu. In ta daina ci da sha, ko ta daina shan maganin hawan jininta da gangan, ko ta fara raba kayanta tana sallama, ko ta ambaci hanyar da za ta bi ta huta, ku kai ta asibiti a ranar. Dattijuwa mai kunya da addini ba za ta ce za ta kashe kanta ba, sai dai ta ce "ni ma Allah ya ɗauke ni in huta". In kin ji haka kada ki ce mata ta yi istigfari ki tashi. Ki zauna ki tambaye ta me take nufi. Tambaya ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Haka kuma ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, kada a ce fargaba ce a zauna, zuciyar wanda ke cikin alhini tana cikin haɗari na gaske.

Ina za a je? Kuna Zariya, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, akwai asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna. Na Kano suna da asibitin Malam Aminu Kano da na Dawanau, na Sakkwato suna da Kware, akwai kuma na Maiduguri. Ku nemi masanin halayyar ɗan'adam na asibiti, ku tambaye shi kai tsaye ko ya saba aiki da masu alhini, zama nawa yake hasashe, kuma yana jin Hausa sosai. Ba na son a yi wannan aiki da tafinta, balle tafintan ya zama ɗanta. Ba zan ɓoye miki ba, masu wannan horo kaɗan ne a ƙasar nan, kuma ba lalle ku sami mai bin zama 16 ɗin nan daki-daki ba. In kun sami mai haƙurin sauraro wanda ya san aikin tunkarar abin da ake gudu, ya wadatar a fara. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, zama shida, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna sun sami sauƙi fiye da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Ina kawo wannan ne don ki ga abin ba na Turawa kaɗai ba ne, kuma ba sai a ofis mai sanyi ba.

Ruƙiyya da addu'a ku ci gaba da su, ba sa karo da wannan. In akwai malamar Islamiyyar da Hajiya ke girmamawa, ku jawo ta ciki, kalma ɗaya daga bakinta cewa neman magani ba ya warware tawakkali ta fi goma daga bakina. Abin da ba na so shi ne a ce mata Alhaji ne ke kiranta, ko a sa ta cikin hayaƙi da duka.

Saura yadda za ki shawo kanta. Kada ki yaudare ta ki ce za a je gaida wani a tsinci kai a asibiti, in ta gane ba za ta sake yarda da ke ba. Maganarta ta sa'an ɗanta kuwa tana da gaskiya, ki nemi mace, mai ɗan shekaru in da hali, ki kuma tabbatar mata abin da ta faɗa a ɗakin ba zai fito ba, har ke ba za a gaya wa ba. Kada ki fara da kalmar ƙwaƙwalwa. Ki fara da abin da ita ta yarda yana damunta: rashin barci, faɗuwar gaba, da ƙwayar da ta daina yi mata aiki. Ki ce akwai masu taimaka wa mutum ya rabu da ƙwayar ya dawo da barcinsa, ki roƙe ta zama uku kawai, in ba ta ga amfani ba a bari. Wannan gaskiya ce, ba dabara ba.

Kafin ranar kuma, ki sami lokacin da gida ya yi shiru, ki dama mata abu mai ɗumi. Nana A'isha takan sa a dafa wa masu makoki talbina, kunun sha'ir, ta ce ta ji Manzon Allah yana cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Ki zauna kusa da ita ki ce, Hajiya, ni fa ina kewar Alhaji, yau na tuna kaza da yake yi. Ke ma uba kika rasa, kuma ina zaton wata 15 ɗin nan kuna ɓoye wa juna hawaye, ke kina tsoron tayar mata, ita tana tsoron tayar miki. In ta fara magana kada ki ce ta yi haƙuri. In ta kai kan kunun nan, ki bar ta ta faɗe shi har ƙarshe.